Baƙo da Bindiga, Gida da Yara: Ɓoyewa Daban, Kullewa Daban

A ranar 30 ga Disamba, 2014, wata mata mai shekara 29 ta shiga wani babban kanti a garin Hayden na jihar Idaho a Amurka, tare da ɗanta ɗan shekara biyu da wasu 'ya'yan 'yan'uwa. Zumunci ne ya kai ta garin a hutun ƙarshen shekara. Tana da lasisin yawo da ƙaramar bindiga, kuma ba baƙuwar bindiga ba ce. Makamin na cikin jakarta, a wani aljihu mai zif da aka ɗinka musamman dominsa. Ta ɗan kau da ido, sai yaron da ke zaune a keken sayayya ya zura hannu, ya buɗe zif, ya danna kunama. Harsashin ya samu uwar, nan take rai ya yi halinsa.

Baiwar Allahn nan ba gangancin banza ta yi ba. Abin da ta yi shi ne abin da masu bindiga da yawa ke yi idan sun bar gida: ta ɓoye, ta ɗauka ta adana. A gida mutum na iya mallakar akwatin ƙarfe da ya kafe a bango, ya san lungu da saƙon ɗakinsa, ya san halin 'ya'yansa. Da zarar ya yi tafiya, ya sauka a gidan suruki ko a otal, duk wannan tsari ya rushe. Jaka ta koma ma'aji, ƙarƙashin matashi ya koma ma'aji, ga kuma yaran da bai san ƙiriniyarsu ba.

A Amurka lamarin ya wuce wasa. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa a shekarar 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe masu shekara 1 zuwa 19. Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2021 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 4.6 na zaune a gidajen da ke da bindiga cike da harsashi ba tare da an kulle ta ba.

Sau da yawa za ka ji uba na cewa ai ɗansa ƙarami ne, ba shi da ƙarfin harbi. Wani bincike da aka buga a 1995 ya ƙaryata wannan zato: kashi 25 cikin 100 na 'yan shekara 3 zuwa 4, da kashi 70 na 'yan shekara 5 zuwa 6, suna da ƙarfin danna kunamar yawancin ƙananan bindigogi idan sun haɗa yatsu biyu. Wani kuma ya ce ya ja wa yaransa kunne, ba za su taɓa ba. A 2001 mujallar Pediatrics ta buga wani gwaji da aka yi a Atlanta. An bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki, rukuni 29, aka saka bindigar gaske da aka kashe ta cikin durowa, ana kallonsu ta bayan gilashi. Rukuni 21 suka gano ta, 16 suka ɗauka, a 10 kuwa sai da wani ya danna kunama. Galibin waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Da ma Bahaushe ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Sai dai ita wannan wutar ba ta ba da damar koyon darasi.

Saboda haka ƙa'idar ɗaya ce. A wajen gida, wuri biyu kawai ya halatta ga bindiga: ko dai tana ɗaure a jikin mai ita cikin kube mai rufe kunama, ko tana kulle, makullin na jikinsa. Saman kwaba, ƙasan katifa, aljihun rigar da aka rataye, jakar da aka ajiye a falo aka tafi alwala, duk ba sa cikin lissafi.

Kullewar ma tana da tsari. Farko a sauke harsashi, bakin bindiga na kallon inda babu kowa. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin cire gidan harsashi ba ya fitar da ƙwaya ɗayan da ta riga ta shiga ciki. Sai an buɗe an duba da ido. Daga nan a sa ta cikin ƙaramin akwatin ƙarfe na tafiya, irin mai igiyar ƙarfe da ake zargawa a ƙafar kujerar mota ko ƙarfen gado, don kada a ɗauke akwatin ɗungurungum. Wanda ba shi da akwati ya nemi kwaɗo mai waya, wanda ake zurawa ta cikin bindigar ya hana ta rufuwa. Shirin Project ChildSafe ya fara raba irinsa kyauta tun 1999 ta hannun 'yan sanda. Kwaɗon kunama kuwa ba a saka shi a bindiga mai harsashi, don wajen sakawar ma tana iya tashi. Harsashi a kulle shi a wani wuri dabam. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2005 ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin matakan nan, kulle bindiga, sauke ta, kulle harsashi da raba musu wuri, yana rage haɗari ga yara da matasa.

Mota ba ma'aji ba ce. Yaro na buɗe aljihun gaban mota cikin ƙiftawar ido, ɓarayi ma nan suke fara dubawa. Dokar tarayyar Amurka ta 1986 da ta ba matafiyi kariyar ratsa jihohi da bindiga ta sharɗanta a sauke ta, a sa ta inda hannu ba ya kai, idan kuma motar ba ta da but a kulle ta a akwati, ban da wancan aljihu. A jirgin sama ma haka: babu harsashi, akwati mai tauri a kulle, a kuma sanar da ma'aikata. Wanda ya ga ba zai iya cika sharuɗɗan ba, a jihohi irin su Colorado akwai shagunan bindiga da ofisoshin 'yan sanda da ke karɓar ajiya na ɗan lokaci.

Sai kuma abin da ya fi nauyi a baki: faɗa wa mai masauki. Gidansa ne, 'ya'yansa ne, yana da haƙƙin ya sani, yana da haƙƙin ya ce a'a. Iyaye ma su daina jin nauyin tambaya kafin su tura yaro wasa ko kwana a gidan wani. Likitocin yara na Amurka sun mara wa wannan baya, har aka ware 21 ga Yuni don tunatar da iyaye su tambaya ko akwai bindigar da ba a kulle ba a inda 'ya'yansu ke zuwa.

Mu ma maganar ta shafe mu, ko da dokokinmu sun fi tsauri. Maharbi kan ya da zango a ƙauye ya jingine adaka a zaure, ɗan banga kan shiga gidan ɗan'uwa shan ruwa, jami'in tsaro kan biya gidan suna da makaminsa. Ita harba-ka-ruga ta fi haɗari, domin in an ɗura mata albarushi ba ta saukuwa cikin sauƙi, kuma ba a gane cikakkiya da ido. Addini bai bar mu a duhu ba: Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Nauyin makami na wuyan mai shi ne, a duk inda ya shiga da shi.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka yi sallama a gidan mutane, sauke bindigarka, ka kulle ta, ka sa makullin a aljihunka. In ba za ka iya ba, bar ta inda ta fito. Kwaɗo ba shi da tsada, da-na-sani kuwa ƙeya ce.