Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Zongon Kumasi, ɗaga kai ka duba rufi

Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a Aboabo, Asawase da Sabon Zongo an saba a nemi na shekara ɗaya ko biyu. Idan kuɗin ya fita daga hannunka, dawo da shi aiki ne. Ga shi yawancin masu neman ɗaki ƙofa da famfo da mita suke dubawa, ba sa ɗaga kai. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Baƙon da ya zo daga arewa ya sani cewa ruwan Kumasi ba irin na gida ba ne. Maraɗi na samun kimanin milimita 500 a shekara, Kumasi kuwa kusan 1,400, a damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Rufin da ke yoyo a nan ba ya samun sararin bushewa, sai katakon ƙarƙashinsa ya ruɓe.

Fara daga waje

Tsaya a ƙetaren hanya ka kalli doron rufin. Idan ya lotsa a tsakiya, katakon da ke riƙe da shi ya gaji. Bulo, duwatsu ko tsoffin tayoyi a kan kwano alama ce ƙusoshi sun saki, kuma irin wannan rufin ne iskar farkon damina ke fara yayewa. Facin kwalta da yawa na nufin an daɗe ana fama da yoyo.

Yawancin gidajen Zongo ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, ƙarƙashin rufi guda. A kusurwoyi, inda ɓangare biyu na rufin suka haɗu, ruwa ya fi taruwa, ganye da leda su toshe hanyarsa, tsatsa ta fara ci. Idan ɗakin kusurwa aka nuna maka, ka ƙara sa ido. Ka kuma bi indararo ka ga inda yake zuba: ruwan da ke sauka a gindin bango shi ke sa fenti ya kumbura.

Cikin ɗaki

Nemi tabo mai ruwan ƙasa a silin, ko inda katakon ya yi ciki. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tambaya ne. Warin danshi ba ya ɓoyuwa, don haka rufe taga na ɗan lokaci ka shaƙa. Idan babu silin, rufe ƙofa da rana tsaka: duk inda haske ya ratso, ruwa zai bi.

Tsakanin silin da kwano

Nan ne gaskiyar rufi take. Ka zo da kafinta naka, ba na dillali ba, da tsani da tocila. Ya danna katako da ƙusa: idan ta nutse cikin sauƙi, ko gari ya zubo, gara ko ƙwaro sun riga ka shiga gidan. Tambaye shi irin katakon. Odum na da ƙwari, wawa kuwa mai taushi ne, ƙwari na cin sa da wuri idan ba a sa masa magani ba. Ya duba kashin jemage da ɓera, da wayoyin lantarki da aka haɗa da leda, domin yoyo a kan irin wannan haɗi na iya jawo gobara. Kada ya taka silin, sai dai katakon da ke ɗauke da shi.

Wasu tsoffin gidaje na da rufin asbestos mai launin toka. Ba a hawansa domin yana karyewa, ba a kuma yanka shi ko goge shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙurarsa na jawo kansar huhu.

Wa zai gyara?

A gidan gado mai magada da yawa, rufi na kowa ne, shi ya sa sau da yawa ba mai gyara shi. Kafin ka biya, a rubuta wanda zai yi gyaran, da ranar gamawa, da ko za a cire kuɗin daga haya, gaban shaidu biyu. Ɗauki hotunan silin da waya. Idan rigima ta taso, takardar ce za ta yi maka magana a ofishin kula da haya.

Lokacin duba ɗaki mafi kyau shi ne ana ruwa, ko washegari. Idan da hunturu ka zo, tambayi maƙwabcin ɗaki inda yake ajiye bokiti idan hadari ya haɗo.