Rikkos: Igiya, gora da jarka kafin isowar jami'an ceto

Mazauna Rikkos da ke Jos ta Arewa ba su manta da daren Lahadi 22 ga Yulin 2012 ba. Ana cikin kwanakin farko na azumi aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Aƙalla mutum 35 suka rasu, gidaje kimanin 200 suka rushe ko suka nutse.

Ba damina kaɗai ce abin tsoro ba. Haƙar kuza da Turawan mulkin mallaka suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗimbin kududdufai a kewayen Jos da Bukur. Gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu ba ya nunawa daga sama, ruwansu kuma da sanyi, musamman a hunturu, a garin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200.

A nan ne darasin ƙasashen ƙanƙara yake da amfani. A Kanada da Finland, inda tafkuna ke daskarewa har mutane su yi tafiya a kai, abin da ake fara koya wa jama'a shi ne kada su ruga wurin wanda ƙanƙara ta rufta da shi. Ana kwanciya rub da ciki daga nesa, a tura masa tsani ko sanda, ko a jefa igiya. Dalili kuwa, abin da ya ci shi zai ci mai ceton.

Haka abin yake a bakin rafi ko kududdufi. Mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya kusance shi, sai a rasa biyu maimakon ɗaya. Doguwar gora, igiya, ko jarkar da babu komai a ciki aka toshe bakinta, sun fi tsunduma cikin ruwa. Shi kuma wanda ya faɗa, ruwan sanyi kan rikita numfashinsa a mintin farko; ya yi rigingine har numfashin ya daidaita kafin ya nemi gaɓa.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi, a hura masa iska baki da baki sau 2, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a ci gaba da hakan. Matsa ciki don fitar da ruwa ɓata lokaci ne. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da bargo, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

NEMA da hukumar agajin gaggawa ta Jihar Filato da Red Cross suna da nasu aikin, amma mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke jure rashin iska. Shi ya sa ya kamata kowane masallaci da gidan mai unguwa da ke kusa da rafi su ajiye igiya da gora, a kuma horar da 'yan agaji da matasa kafin hadarin gaba ya taso.