Yadda tsofaffin kayan fim da kaset ɗin wasan bidiyo suka zama dukiyar miliyoyin daloli

A ranar 7 ga Disamba, 2024, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da wasu jajayen takalman mata a kan Dala miliyan 28. Da aka haɗa da la'adar gidan gwanjon, mai sayen ya biya Dala miliyan 32.5, kimanin Naira biliyan 50 a canjin wancan lokaci. Babu zinare ko lu'ulu'u a jikin takalman. Darajarsu ita ce jaruma Judy Garland ta saka su a fim ɗin The Wizard of Oz na 1939.

Takalman suna da nasu labarin. A 2005 wani mutum ya fasa gidan tarihin da aka keɓe wa jarumar a garinsu, Grand Rapids da ke jihar Minnesota, ya yi awon gaba da su bisa zaton cewa duwatsun da ke ƙyalli a jikinsu jan yakutu ne. Da dillalin kayan sata ya shaida masa gilashi ne kawai, sai ya rabu da su. Hukumar FBI ba ta gano su ba sai a 2018. Ɓarawon ya tafi neman dutse mai tsada, bai san abin da ke hannunsa ya fi dutsen ba.

Wannan shi ne ƙololuwar wata sha'awa da ta daɗe a Amurka da Turai da Japan, wato tara kayan tarihin fina-finai da na wasannin bidiyo. Mafi yawan masu yin ta talakawa ne da ma'aikata, masu adana fasta, tikitin silima, 'yar tsanar wani jarumi, ko kaset ɗin wasan da suka buga suna yara. Attajiran da ke saman su ne ake jin labarinsu, amma su ne kuma ke ɗaga farashin da ke shafar kowa.

A da, kamfanonin shirya fim ba su ɗauki waɗannan kaya a bakin komai ba. Riga ko takobin da aka gama aiki da shi, ko dai a jefa shi sito, ko a sake ɗinke shi don wani fim, ko a zubar. Abin ya sauya ne a 1970, lokacin da kamfanin MGM, wanda ya shiga matsin kuɗi, ya yi gwanjon kayan da ya tara shekaru da dama. A nan aka sayar da wani saitin na waɗannan jajayen takalma a kan Dala 15,000, kuma yanzu yana gidan tarihin Smithsonian da ke Washington. Jaruma Debbie Reynolds ta kwashi kaya masu yawa a gwanjon da burin gina gidan tarihin Hollywood. Burin bai tabbata yadda ta so ba, ta koma sayar da su a 2011, inda farar rigar da Marilyn Monroe ta saka a The Seven Year Itch ta kai Dala miliyan 4.6.

Abu na farko da ke yanke farashi shi ne asali. Mai saye yana son sanin hannayen da kaya ya bi tun daga wurin ɗaukar fim har zuwa teburin gwanjo. Da yake akan ƙera abu guda sau da yawa, ɗaya don kyamara ta matso kusa da shi, sauran don faɗa da faɗuwa, ƙwararru kan tsayar da fim hoto bayan hoto su kwatanta karce, ɗinki ko tabon da ke jikin kayan da wanda ya fito a allo. Idan suka dace, farashi ya ninka. Takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, domin wanda ya iya ƙera takobin jabu ba zai gagara buga takardar jabu ba.

A ɓangaren wasannin bidiyo lissafin ya bambanta. An sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo sama da miliyan 40, don haka wanda aka buɗe aka yi wasa da shi ba ya da wata tsada. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ke cikin kwalinsa da ledarsa, ba a taɓa ɓare shi ba, domin babu yaron da aka ba kyautar wasa a 1986 ya ajiye shi yana kallo. Daga nan aka samu kamfanonin tantancewa, irin su Wata Games, waɗanda ke duba lafiyar kwali da hatimi, su ba da maki har zuwa 10, su kulle kaset ɗin cikin akwatin roba mai haske. Wasan da aka yi domin a buga, daga ranar ba mai sake buga shi.

Farashin ya yi tashin gwauron zabo cikin ɗan lokaci. A Fabrairun 2019 an sayi Super Mario Bros. rufaffe a kan Dala 100,150. A Afrilun 2021 wani ya kai Dala 660,000. A watan Yulin shekarar aka sayar da The Legend of Zelda Dala 870,000, bayan kwana biyu Super Mario 64 ya kai Dala miliyan 1.56, sannan a Agusta wani Super Mario Bros. ɗin ya tashi Dala miliyan 2.

Cinikin Super Mario 64 ne ya sa tsofaffin masu tarawa suka fara ɗaga gira, domin wasa ne na 1996 da aka sayar da kusan miliyan 12. A watan Agustan 2021 wani ɗan Ostireliya mai shiri a YouTube, Karl Jobst, ya zargi masu tantancewa da masu gwanjo da haɗa baki wajen kumbura kasuwar, yana nuni da cewa ɗaya daga cikin shugabannin Heritage yana cikin waɗanda suka sayi kaset ɗin 2019. Kamfanonin biyu sun musanta zargin. A 2022 wasu abokan ciniki suka kai Wata kotu. Ko mene ne gaskiyar lamarin, kasuwar ta sauko, kuma waɗanda suka shiga a makare da tunanin riba su suka kwana ciki.

Wani lokacin kuma shara ce ke komawa dukiya. A 1983, da kasuwar wasanni ta durƙushe a Amurka, kamfanin Atari ya binne kaset masu ɗimbin yawa a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, har da na wasan E.T. da ya yi kwantai. Shekaru 30 ana ɗaukar zancen tatsuniya, sai a 2014 aka haƙa aka same su. Hukumar garin ta sayar da ɗaruruwa daga ciki, murɗaɗɗu da ƙasa a jikinsu, ta samu sama da Dala 100,000.

Akwai abokin gaba da ya fi ɗan damfara haƙuri. Ba a ƙera kayan fim don su daɗe ba. Fuskar roba kan bushe ta farfashe, launin fasta kan koɗe a rana, batirin da ke cikin tsohon kaset kan tsiyaye ya cinye wayoyinsa. A nan ne amfanin masu tarawa ke fitowa, duk da surutun kuɗi. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da babu sauti sun ɓace ɗungurungum. Wani binciken na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Da yawa daga abin da ya tsira yana hannun mutanen da iyalansu ke yi wa kallon masu tara tarkace.

Zancen bai yi nisa da mu ba. A Ghana, fastocin da masu zane suka riƙa yi da fenti a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, don tallata fim a gidajen kallon tafi-da-gidanka, yau ana rataye su a gidajen baje zane na Turai da Amurka. A Kano kuma, tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar Kannywood ta fitar da fina-finai masu yawa a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifai, kowanne da kwalinsa da fastarsa, ana rarraba su daga kasuwar Ƙofar Wambai zuwa Maraɗi da Kumasi. Zafi da ƙura da damshin damina suna cin zaren kaset a hankali, kuma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna shi, Funai na Japan, ya daina tun a 2016.