Kafin ka kai kwamfutarka a yi mata fomatin

Ɗalibai da dama a Unguwar Rimi, har da 'yan Kaduna Polytechnic da ke karatu a harabar unguwar, da kwamfutar tokumbo suke aikin makaranta. Da zarar ta fara nauyi sai a garzaya wurin mai gyara a ce ya yi mata fomatin. Kafin ka yi haka, akwai abu biyu da ya kamata ka sani: inda kwamfutar ke ajiye saitinta, da irin lasisin da ke kanta.

Windows tana tara saitinta a wani rumbu da ake kira Registry, wanda ya fara bayyana a Windows 3.1 a 1992. A nan ake rubuta manhajojin da ka saka, da firintar da ka haɗa, da bayanan masu amfani da na'urar. Komai a wuri ɗaya, sai dai kuskure ɗaya a ciki na iya hana kwamfutar tashi. Don haka kada ka buɗe regedit don kawai wani ya nuna maka a YouTube.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta bi wata hanyar. Yawancin saitinta rubutu ne zalla a ƙananan fayiloli cikin wata jaka mai suna /etc. Kana iya karanta su, ka kwafe su a filash, ka mayar idan abu ya lalace.

Sai maganar lasisi. Windows mallakar Microsoft ce, izinin amfani kawai kake saya. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanoni kamar HP da Dell kan dasa lambar lasisin a cikin na'urar, don haka tokumbonka na iya zuwa da halastaccen lasisi ba ka sani ba. Wasu masu gyara kan ɗora wani nau'in Windows daban, sannan su buɗe shi da manhajar sata. Irin waɗannan manhajoji kan shigo da ƙwayar cuta mai kwashe kalmomin sirri, har da na banki. Araha ba ta ado.

Linux kuwa tana ƙarƙashin lasisin GPL: ka yi amfani da ita kyauta, ka ba abokinka, ka gyara ta, muddin za ka saki gyaran a kan sharaɗi guda idan ka rarraba shi. Amma ita ma da nata tsadar. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda shagunan buga takardu suka dogara da su, ba a yi su don Linux ba. Sai ka koyi Inkscape da GIMP, da LibreOffice a madadin Word.

Lokaci kuma ya ƙure wa tsofaffin na'urori. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10, ga shi Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wanda kwamfutoci da yawa na da ba su da shi.

Saboda haka, kafin ka miƙa kwamfutarka, kwashe aikinka a filash, ka duba ko Windows ɗinka na da lasisi, ka gaya wa mai gyara ya mayar da nau'in da ta zo da shi. In kuma ta tsufa, saka Ubuntu ko Linux Mint a filash ka gwada su ba tare da goge komai ba. In sun yi maka, ka huta da neman lasisi.