Motar da Ke Tafiyar Kare

Duk wanda ya taɓa lura da kare yana sassarfa, zai ga sau da yawa jikinsa a karkace yake, ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba. Ga kare wannan dabara ce, don kada ƙafar baya ta taka ta gaba. Ga mota kuwa cuta ce, kuma takan kama motocin da mutane ke ƙerawa da hannunsu a gida.

A Ingila sha'awar irin wannan ƙira ta ƙaru daga 1996, lokacin da Ron Champion ya wallafa littafi kan haɗa wata ƙaramar mota mai suna Locost, wadda ta ɗauko siffar Lotus Seven ta 1957. Mai motar yakan yi waldar ƙashin jikinta da kansa, sannan ya ɗauko aksul ɗin baya na tsohuwar Ford Escort, ya riƙe shi da sandunan ƙarfe huɗu, biyu a kowane gefe. To, ƙarfe yakan janye idan ya huce bayan walda, don haka da wuya aksul ɗin ya zauna daidai tun farko.

Mai karatu zai iya cewa ai sitiyari ne ke jan ragama. Haka ne, amma tayoyin baya ne ke tura motar zuwa inda suka fuskanta. Idan aksul ya karkace da rabin digiri kacal, a tafiyar mita 100 zai nemi kauce wa hanya da kusan santimita 87. Direba sai ya dinga riƙe sitiyari a murɗe, tayoyi su cinye kafin lokacinsu, ranar da ya taka birki da ƙarfi a titi mai santsi kuwa, bayan motar na iya zamewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan gyaran: zare da rula. Ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, a ɗora nauyin direba a kujerarsa, domin nauyi yana sauya zaman sifirin. Sai a ɗaure zare biyu, hagu da dama, kowane yana tafiya daidai da layin tsakiyar motar. Daga nan a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bakin rim ta gaba, a kuma auna ta baya. A rim mai inci 13, rabin digirin nan zai bayyana a matsayin bambancin kusan milimita 3. Idan sandunan masu noti ne a kansu, a ƙara wa na gefe ɗaya tsawo ko a rage, a gangara motar gaba da baya don ta zauna, sannan a sake awo.