Litecoin: Ƙanin Bitcoin da ya kira kansa azurfa

A hostel ko a bakin ajin lakca, da wuya mako ya wuce ba ka ji wani yana tallata sabon kuɗin kirifto ba, wai "shi ne Bitcoin na gaba, shiga tun yana araha". Maganar nan ba yau aka fara ta ba. Tun 2011 ake kwaikwayon Bitcoin, kuma Litecoin na cikin 'yan sahun farko da suka rayu har yau.

Charlie Lee ne ya kafa shi, lokacin yana injiniya a Google. Manhajar Bitcoin a buɗe take ga kowa, sai ya kwafe ta, ya sauya wasu lambobi, ya sake ta a Oktoban 2011. Bitcoin na rufe shafin ciniki duk bayan kimanin minti 10, Litecoin kuwa minti biyu da rabi. Bitcoin ba zai wuce guda miliyan 21 ba, shi kuma miliyan 84. Lee ya ce in Bitcoin zinare ne, to nasa azurfa ne.

Babban canjin yana wajen haƙowa, wato abin da muke ce wa mainin. Lee ya zaɓi tsarin lissafi mai suna Scrypt, wanda ke cin ma'adanar kwamfuta sosai, da nufin mai ƙaramar kwamfuta ma ya samu rabonsa. Hakan bai ɗore ba. A 2014 injinan da aka ƙera musamman don Scrypt suka shigo kasuwa, masu jari suka mamaye harkar. Yau in ka kunna laftof ɗinka don haƙo Litecoin, ko kuɗin cajinta ba za ka mayar ba.

A yaba masa a abu ɗaya: guda 150 kacal aka haƙa kafin a buɗe wa jama'a, a zamanin da wasu ke ware wa kansu miliyoyi tun kafin kowa ya ji labari.

To ina sabon Litecoin ke fitowa? Lada ne da ake ba mai haƙa a kan kowane shafi. Da guda 50 aka fara, kuma duk bayan shafi 840,000, kusan shekara huɗu, sai a raba ladan biyu: 25 a 2015, 12.5 a 2019, 6.25 a 2023. Mai haƙa kuwa da kuɗin gaske yake biyan wuta, dole ya sayar da abin da ya samu. In lada ya ragu farashi bai tashi ba, ƙananan masu haƙa kashe injinansu suke yi.

'Yan talla sun fi son maganar ƙarancin nan, amma akwai abin da ba sa faɗa. Iyakar miliyan 84 ta Litecoin ce kaɗai. Babu wanda ya ƙayyade yawan masu kwafar manhajar, shi ya sa ake da dubban irinsa. Abin da ke riƙe farashi shi ne masu saye, su kuma ra'ayinsu na juyawa.

A Disambar 2017 Litecoin ya haura dala 300. A watan ne Lee ya sanar cewa ya sayar da kusan duk nasa, ya ba da wani a kyauta, saboda kada a ce yana zuga farashi da kalamansa don amfanin kansa. Bayan shekara ɗaya, guda ɗaya bai kai dala 40 ba.