Mena da cin ƙarshen wasa: wa ke da laifi idan ƙwallo ta shiga raga?

Maki 15 ƙungiyar ƙasarmu Mena ta haɗa a wasannin neman zuwa kofin duniya na 2026, ta ƙare ta biyu a rukuninta, bayan Maroko, gaban Tanzaniya da Zambiya da Kwango Barazabil. Ƙasashe huɗu kawai aka ɗauka cikin waɗanda suka zo na biyu don wasannin cike gurbi, aka ɗauki Gabon da Kwango Kinshasa da Kamaru da Najeriya. A lissafin da aka yi, Kamaru da Najeriya su ma maki 15 gare su, yawan ƙwallaye ne ya raba mu da su. Ke nan maki ɗaya tak ya hana Mena wucewa.

Wannan maki ɗaya kuwa an san inda ya faɗi. Ranar 21 ga watan Maris 2025, a garin Ujda, Yusuf Umaru ya ci wa Nijar da dawowa daga hutun rabin lokaci, Ismael Saibari ya rama wa Maroko, aka tafi 1 da 1 har minti 90 ya cika. Cikin mintunan da alƙali ya ƙara ne Bilal El Khannouss ya zura ta biyu. Da an tashi kunnen doki a ranar, da Mena ta ƙare da maki 16.

Duk wanda ke zaman fada a Tamaske ko Keita, ko yake karɓar saƙonnin murya na WhatsApp daga ƴan uwa na Abijan da Legas da Libiya, ya san abin da ke biyo bayan irin wannan dare. Kafin shayi na biyu ya tafasa an riga an samo mai laifi. Ko gola ne, ko ɗan bayan da kyamara ta nuno yana kallon ƙasa. Sai a ce a kore shi, kar a sake kiransa. To, jama'a masu saurare da masu karatu, kafin a yanke wa mutum hukunci yana da kyau a san yadda tsaron baya ke aiki, da abin da ya sa Mena ta daɗe tana shan ci a daidai lokacin da ƴan kallo suka fara duba agogo.

Abin ba yau ya fara ba. A kofin Afirka na 2012 a Gabon, zuwanmu na farko, Tunisiya ta ci mu 2 da 1, kuma Issam Jemaa ya ci ta biyun ana gab da tashi. Maroko ta ci mu 1 da 0, ita ma sai wajen minti goma na ƙarshe. A 2013 a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Gernot Rohr, Mena ta riƙe Mali har minti 84, kafin Seydou Keita ya ci. (Sunansa dai ɗaya da garinmu, amma bai ji tausayinmu ba.) An ɗago ƙwallo daga gefe, gola Dauda Kasali ya fito bai riƙe ta ba, ta faɗi gaban Keita. A daren babu sunan da aka kira sai na Kasali. Kwana huɗu bayan haka, shi wannan Kasalin ne ya tsaya wa Kwango Kinshasa, ya kaɗe ƙwallayen da kowa ya ɗauka sun shiga, aka tashi babu ci, Nijar ta samu makinta na farko a tarihin gasar. Da an bi ta masu cewa a ajiye shi, da wa zai kawo wannan maki?

Ba wai Kasali bai yi kuskure ba. Ya yi. Amma ƙwallon da ta kuɓuce masa ta bi ta hannun mutane da yawa kafin ta iso gare shi, kuma nan ne bayanin yake.

Mutanen Adar sun fi kowa sanin wannan, ko da ba su taɓa buga balo ba. Tun aikin Froje Keita da aka fara a 1984 aka koya mana cewa ruwan da ke cinye gona a ƙasan kwari ba a nan ake tare shi ba. Can bisa dutse ake fara rage masa ƙarfi, da jerin duwatsu da ramuka da itace, ta yadda in ya iso shingen ƙarshe ya riga ya gaji. In aka bar shi ya taho da ƙarfinsa duka, shingen ƙarshe zai fashe, kuma wanda ya zo kallo zai ce maginin ne bai iya ba. Haka tsaron gida yake a ƙwallo. Gola da ƴan baya su ne shingen ƙarshe.

Aikin tsaro daga ƴan gaba yake farawa. Idan ƙungiya ta rasa ƙwallo, ɗan gaban da ya fi kusa shi ne zai fara matsa wa mai riƙe da ita, ba lallai don ya ƙwace ba, don dai kar ya samu lokacin ɗaga kai ya zaɓi inda zai aika. Ƴan baya kuma idonsu na kan wannan. In sun ga an matsa wa mai ƙwallo, sai su matso gaba tare, layi ɗaya, su bar ɗan gaban abokan hamayya cikin satar gida. In sun ga yana sake babu kowa a jikinsa, sai su ja baya tare, don kar a jefa ta bayansu. Kalmar da za ku riƙe ita ce "tare". Mutum uku su matso, ɗaya ya makara da taki biyu, shi ke nan an buɗe ƙofa. A talabijin kuma wanda za a nuno yana bin ɗan gaba a guje shi ne wanda ya yi daidai, wanda ya makara yana can gefe, hoto bai ma kama shi ba.

Na biyu, tazara tsakanin ƴan baya da ƴan tsakiya. In ta yi faɗi, ɗan wasan da ya iya zai shiga wannan fili ya karɓi ƙwallo ya juyo yana fuskantar raga. Daga nan ɗan baya ya shiga tsaka mai wuya: in ya fito ya tare shi, ya bar rami a bayansa, in ya tsaya, an ba mutum damar bugu. Duk wanda ya zaɓa za a zage shi, alhali ɗan tsakiyar da bai dawo da wuri ba ne ya jefa shi cikin wannan hali. Shi ya sa masu horarwa ke nanata cewa in ɗaya ya fita tara, na kusa da shi ya koma bayansa kaɗan a karkace, ya rufa masa, ɗan bayan ɗaya gefen kuma ya shigo ciki ya tsare sandar nesa.

Sai ƙwallon da ake ɗagowa daga gefe, irin ta Mali. Tambaya ta farko, wa ya bari aka ɗago ta? Ɗan bayan gefe da ɗan gaban gefensa su ne ke da alhakin hana mai ƙwallo daidaita ƙafa. Ta biyu, lokacin da gola ya fito, wa ya koma bisa layin raga? Ta uku, wa ke riƙe da mutumin da ke jiran abin da zai faɗo? Ƙwararrun ƙungiyoyi suna ɗauka cewa gola zai iya sakin ƙwallo kowane lokaci, don haka suke ajiye mai share ta. Idan aka amsa tambayoyin nan uku, sau da yawa sai ka tarar laifin ya rabu kan mutum uku ko huɗu.

To me ya sa sai ƙarshen wasa? Saboda ƙungiyar da ba ta riƙe ƙwallo ita ce ke gudu. In ka ba Maroko ko Mali ƙwallo ka koma gida kana karewa, suna juya ta daga dama zuwa hagu, kai kana binta, minti 70 ƙafa na ɗauka, daga nan taki biyun da muka ambata su fara ɓacewa. Kai ma yana gajiya kamar ƙafa: mutum ya kalli ƙwallo daƙiƙa ɗaya ya manta da wanda ke bayansa. Ga kuma ɗabi'ar da duk mai son kare maki ke faɗawa ciki, wato ja da baya har cikin da'irar gola. Da zarar an yi haka, duk ƙwallon da aka share waje ba ta samun ɗan gida, hannun abokan hamayya take komawa, su sake ɗagowa. Sau goma a jere, ɗaya za ta shiga. Maganin abin yana gaba: a samu ɗan gaba mai iya riƙe ƙwallo da jiki, ya jawo keta, ya ba ƴan baya damar shan iska su fito. Musa Ma'azu, wanda ya ci Masar a Yamai a watan Oktoba 2010, irin aikin da ake nema daga mai ƙarfi da gudu kamarsa ke nan, ko a ranar da bai ci ba.

Nan ne maganar zaɓen ƴan wasa ta shigo. Yau doka ta ba kowace ƙungiya damar canji biyar, kusan rabin ƴan cikin fili ke nan. A Ujda, Saibari da El Khannouss duka daga benci suka taso. Maroko ta sako sababbin ƙafafu masu buga manyan gasannin Turai a kan mutanen da suka riga suka yi awa guda suna gudu. Don haka idan aka fitar da jerin sunaye, kar a tsaya kan sha ɗayan farko kawai. A duba ko akwai ɗan tsakiya mai tara da zai shigo minti 65 ba tare da tsari ya lalace ba, da ɗan bayan gefe na biyu a kowane ɓangare.

Gardamar da ba ta ƙarewa a fadodinmu ita ce ta ƴan gida da ƴan waje. Masu goyon bayan ƴan gida suna da hujja mai ƙarfi: gasar CHAN da aka buga a Aljeriya farkon 2023, wadda ƴan wasan cikin ƙasa kaɗai ke bugawa. Haruna Dula ya kai Mena wasan kusa da ƙarshe, ta yi canjaras da Kwango, ta doke Kamaru 1 da 0, ta doke Gana 2 da 0, wasa uku ba a ci ta ko ɗaya ba. Dalili a fili yake: mutanen sun san juna daga gasar gida, kuma sun samu zama tare kafin gasa. Ƴan baya na tsakiya biyu sai sun daɗe tare kafin ɗaya ya san lokacin da ɗan uwansa zai fita ba sai an yi magana ba. Amma masu ɗaya ra'ayin su ma za su tuna maka cewa a wasa na huɗu Aljeriya ta zuba mana 5 da 0. Sanin juna yana toshe ramuka, sai dai ba ya ba mutum saurin tunanin da ake samu daga karawa da manya kowane mako.

A ganina, tambayar "ina yake bugawa?" ba ta kai "yana bugawa kuwa?" muhimmanci ba. Ɗan wasan da ke Turai ko ƙasashen Larabawa amma wata biyu yana zaman benci, sunan kulob ɗinsa ba zai yi masa gudu a minti 85 ba. Kuma ɗan waje ba ya isowa sai kwana kaɗan kafin wasa, a ranakun da FIFA ta ware, ya yi atisaye biyu ko uku a shiga fili. Ɗan gaba zai iya sauka daga jirgi ya ci ƙwallo da basirarsa shi kaɗai. Layin baya ba ya haka. Shi ya sa sauya ƴan baya bayan kowace rashin nasara, abin da mu ƴan kallo muka fi nema, shi ne abin da ya fi saurin jawo wata rashin nasarar. A 2012, bayan Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko, an karɓe ragamar daga hannun Haruna Dula, mutumin da ya fitar da Masar da Afirka ta Kudu har hukumar CAF ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2011, aka miƙa wa Rolland Courbis. Wasa biyun da suka rage duka an ci mu.

Sai a ƙara da abin da ba laifin ɗan wasa ko mai horarwa ba ne. Tikitin 2012 a filin Seyni Kunce aka same shi: wasa uku a Yamai, nasara uku, wasa uku a waje, duka an sha kashi. Tunda CAF ta ce filin bai cika sharuɗɗa ba, wasannin "gida" na Mena suka koma Maroko da Togo. Wancan wasa na Ujda, a takarda Nijar ce mai masaukin baƙi, a ƙasar abokin karawa, gaban magoya bayansa.

Duk da haka alƙaluman zamanin Badou Zaki, wanda shi kansa tsohon gola ne, gwarzon Afirka na 1986, suna nuna tsaron ya fara zama. Cikin ƙwallaye 10 da aka ci Mena a wasannin kofin duniya, 7 Maroko ce ta ci, kuma biyar daga ciki a Rabat ne ranar 5 ga Satumba 2025, bayan an ba ɗan wasanmu guda jan kati tun ba a kai rabin awa ba, lokacin babu wanda ya ci. Sauran ƙasashen uku, ƙwallo 3 kawai suka iya zurawa. Bayan Rabat ba a wargaza ƙungiyar ba, ta je ta ci Tanzaniya 1 da 0, ta ci Kwango 3 da 1, ta ci Zambiya 1 da 0 a Ndola. Kuma cin ƙarshen wasa ya taɓa juyowa wajenmu: a Akara, watan Nuwamba 2024, ɗan baya Umar Sako ne ya ci Gana ana shirin tashi, sannan Mohammed Kudus ya ɓarar da fenariti, Mena ta fita da 2 da 1.

In an sake cin mu, masu waya su mayar da hoton baya da daƙiƙa goma sha biyar kafin ƙwallo ta shiga, su tsayar da shi. A duba inda aka rasa ta, a duba ko akwai wanda ya matsa wa mai ɗagowa, a ƙirga rigunanmu nawa ne suka dawo bayan ƙwallo, nawa ne ke tafiya a hankali can tsakiyar fili.